Tambayoyi da amsoshi kan Jamusawan da suka yi yunƙurin kashe Hitler

Adolf Hitler ya riƙe mulkin Jamus daga 30 ga Janairu 1933 har ranar da ya kashe kansa a Berlin, 30 ga Afrilu 1945. A tsakanin nan an ƙulla shirin hallaka shi kimanin sau 40. Wasu ba su wuce magana a ɗaki ba, wasu kuwa ƙiris ya rage. Sau biyu bam ya tashi a wurin da aka nufe shi: a Munich a 1939, da hedkwatarsa ta gabas a 1944.

Da gaske an samu Jamusawa masu adawa da Hitler, ko bayan yaƙi aka ƙirƙiro labarin don wanke suna?

An samu, amma tsiraru ne ƙwarai. Mafi yawan Jamusawa sun bi shi, wasu da zuciya ɗaya, wasu don ganin aikin yi ya dawo, wasu don tsoro. Waɗanda suka fara tsaya masa su ne 'yan kwaminis da 'yan jam'iyyar SPD mai ra'ayin gurguzu na dimokuraɗiyya da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, kuma su aka fara murƙushewa. Bayan gobarar ginin majalisa ta 27 ga Fabrairu 1933 aka kwashe dubban 'yan kwaminis. A watan Maris aka buɗe sansanin gwale-gwale na Dachau. Ranar 23 ga Maris, da aka kawo dokar da ta ba Hitler ikon yin doka ba tare da majalisa ba, 'yan SPD 94 ne kaɗai suka ƙi ta. Ranar 2 ga Mayu aka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago. Kafin shekarar ta ƙare babu sauran jam'iyya ko jarida da za ta iya tara jama'a. Abin da ya rage sai ƙananan gungu masu buga takardu a ɓoye, su ma 'yan sandan ciki na Gestapo suka riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa bisa tsegumin maƙwabci ko abokin aiki.

Me ya sa maganar ta fi karkata kan sojoji?

Domin rundunar soja ce kaɗai ta rage da makami da tsarin ba da umarni wanda jam'iyyar Nazi ba ta haɗiye gaba ɗaya ba. Kashe Hitler rabin aiki ne. In ya mutu aka bar Himmler da dakarunsa na SS, wato dakarun jam'iyyar Nazi, aka bar manyan muƙarrabansa Göring da Goebbels, mulkin yana nan daram. Sai an samu mai kama waɗannan, ya rufe ma'aikatu, ya riƙe layukan waya da gidan rediyo cikin sa'o'i kaɗan. Wannan kuwa sai soja.

Sojan kuma a ɗaure yake da rantsuwa. Ranar 2 ga Agusta 1934, da Shugaba Hindenburg ya mutu, aka sa kowane soja ya rantse da Allah zai yi biyayya ba sharaɗi ga Adolf Hitler shi kansa, ba ga tsarin mulki ba. Wasu hafsoshi da gaske rantsuwar ta hana su sakat, wasu fakewa suka yi da ita. Ko ma wanne ne, masu shirin sun gane muddin Hitler yana numfashi, janar-janar masu dakaru a hannu ba za su motsa ba. Dalilin da ya sa kenan magana ta tashi daga kama shi a gurfanar da shi a kotu ta koma kashe shi.

Yaushe aka fara shirya juyin mulki?

A 1938, lokacin da Hitler ke neman yaƙi da Cekoslobakiya kan yankin Sudeten. Janar Ludwig Beck, babban hafsan hafsoshin sojan ƙasa, ya hango yaƙin zai jawo Faransa da Birtaniya kuma Jamus ba za ta kai labari ba, ya yi murabus a watan Agusta. Hans Oster na hukumar leƙen asirin soja ta Abwehr shi ya haɗa kan mutane, cikinsu har da Franz Halder da ya gaji Beck, da Erwin von Witzleben mai riƙe da dakarun yankin Berlin. An tanadi rukunin da zai kutsa fadar gwamnati da zarar Hitler ya ba da umarnin kai hari. Sai firaministan Birtaniya Chamberlain da na Faransa Daladier suka je Munich a ƙarshen Satumba suka miƙa masa yankin ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Ya dawo Berlin ana masa kirari. Wane janar ne zai kama shugaban da ya ci ƙasa ba jini? Shirin ya watse, cin Faransa a 1940 kuma ya ƙara sanyaya gwiwar masu adawa.

Wane ne Georg Elser, kuma yaya mutum ɗaya ya kusa yin abin da ya gagari janar-janar?

Kafinta ne daga garin Königsbronn a kudancin Jamus, an haife shi a 1903. Ba shi da ƙungiya, ba shi da mai ɗaukar nauyinsa. Tun 1938 ya yanke cewa Hitler yaƙi zai jawo, kuma sai an kawar da shi. Ya lura da abu ɗaya da ba ya sauyawa a rayuwar mutumin: kowace 8 ga Nuwamba yana jawabi a zauren Bürgerbräukeller na Munich don tunawa da juyin mulkinsa da ya ci tura a 1923, kuma a gaban ginshiƙi ɗaya yake tsayawa.

Elser ya ba aikin shekara guda. Ya kama aiki a wurin fasa dutse don ya samu nakiya. A watan Agusta 1939 ya koma Munich. Da yamma sai ya shiga zauren ya ci abinci, ya laɓe a wani ɗakin ajiya a bene har a kulle, sannan ya durƙusa gindin ginshiƙin da tocila a rufe da ƙyalle. Ya yanka katakon da ya lulluɓe ginshiƙin ya mayar da shi 'yar ƙofa wadda ido ba ya ganewa, ya riƙa ƙwaƙule bulo kaɗan-kaɗan, da safe ya fita da ɓaraguzan a akwati. Ya yi haka fiye da dare 30. Agogo biyu ya haɗa, don in ɗaya ya tsaya ɗayan ya yi aiki. Ya lulluɓe akwatinsu da abin da zai danne ƙarar tafiyarsu, ya manna gwangwani a bayan ƙofar don kada ta yi amon rami in an ƙwanƙwasa. Durƙuson ya kumbura masa gwiwoyi, kuma wannan kumburin yana cikin abin da masu bincike suka kafa hujja da shi daga baya.

Ya saita bam ɗin ƙarfe 9:20 na dare, lokacin da Hitler ya saba kasancewa a tsakiyar jawabi. A daren nan hazo ya sa ba a amince da tashin jirgin sama ba, dole ya koma Berlin ta jirgin ƙasa. Ya fara jawabi da wuri, ya taƙaita, ya fita ƙarfe 9:07. Bayan minti 13 rufi ya rufto daidai inda ya tsaya. Mutum 8 suka mutu, har da wata mai raba abinci, fiye da 60 suka ji rauni. A daren aka kama Elser a Konstanz yana ƙoƙarin tsallakawa Siwizalan, da katin hoton zauren da wasu sassan ƙarfe a aljihunsa. Gwamnati ta ce aikin 'yan leƙen asirin Birtaniya ne, don ba ta iya yarda talakan Bajamushe shi kaɗai ya yi wannan ba. An tsare shi a sansanonin Sachsenhausen da Dachau, aka harbe shi ranar 9 ga Afrilu 1945.

A ganinmu babu yunƙurin da ya kai nasa muhimmancin lokaci. Wata biyu kacal da fara yaƙi, ba a mamaye Faransa ba, ba a shiga Tarayyar Sobiyet ba, ba a gina ɗakunan kisa da iskar gas na sansanin Auschwitz ba.

Me ya hana wani ya zaro bindiga kawai ya harbe shi?

Isa gare shi ne matsalar. Da yaƙi ya yi nisa ya daina fita bainar jama'a, yana zaune a hedkwatar da ke kewaye da shingaye da masu gadi, yana sauya lokacin tafiya ba sanarwa. Mai shiga wurinsa a ƙofa yake ajiye ɗamararsa da bindigarsa. Ranar 11 ga Maris 1944 Kyaftin Eberhard von Breitenbuch ya zo gidan Hitler na Berghof da ƙaramar bindiga a aljihu, yana rakiyar maigidansa Fil Mashal Busch. A bakin ƙofa mai gadin SS ya ce yau ba a shiga da dogarai. A ƙarshen 1943 kuma Axel von dem Bussche, matashin hafsan da ya ga kisan Yahudawa da idonsa a Dubno a 1942, ya yarda ya tashi bam a jikinsa yayin nuna wa Hitler sababbin kayan soja. Jiragen ƙasashen ƙawance masu yaƙi da Jamus suka ƙone taragon da kayan ke ciki, aka ɗage bikin, ya koma fagen daga ya rasa ƙafa.

Me ya faru a watan Maris 1943?

Yunƙuri biyu cikin kwana takwas, duka daga hannun Henning von Tresckow, hafsa a hedkwatar rundunar tsakiya da ke Smolensk a Rasha.

Sun zaɓi nakiyar Birtaniya da aka ƙwace, domin lagwanin Jamus yana huci in an kunna shi, na Birtaniya kuwa shiru yake. Ɗan bututu ne mai siffar fensir, a cikinsa akwai kwalbar asid. In an murƙushe kwalbar, asid ɗin ya ci wata 'yar waya a hankali, in ta tsinke allura ta daki abin tayarwa. Aibinsa biyu: in an kunna ba a iya dakatar da shi sai dai a zare, kuma lokacinsa ya dogara da yanayi, zafi na gaggauta shi, sanyi na jinkirta shi.

Ranar 13 ga Maris Hitler ya ziyarci Smolensk. Tresckow ya roƙi Heinz Brandt, ɗaya daga cikin 'yan rakiyar, ya kai wa wani abokinsa ƙunshin kwalaben barasa. Fabian von Schlabrendorff ya kunna lagwani mai minti 30 ya miƙa ƙunshin a filin jirgi. Jirgin ya sauka lafiya bayan sa'o'i biyu. Washegari Schlabrendorff ya bi ƙunshin ya karɓo da hujjar an yi musanya, ya kwance shi a cikin jirgin ƙasa. Waya ta tsinke, allura ta daka, nakiyar ce ba ta tashi ba, kuma an fi danganta hakan da tsananin sanyin wurin ajiyar kaya.

Ranar 21 ga Maris Rudolf von Gersdorff ya sa bam a aljihun kwat ɗinsa, ya tsaya zai zagaya da Hitler wurin baje makaman Sobiyet da aka ƙwace a Berlin. Ya kunna lagwani mai minti 10. Hitler bai tsaya duba komai ba, cikin 'yan mintuna ya fice. Gersdorff ya ruga bayan gida ya zare lagwanin. Ya rayu har 1980.

Wane ne Stauffenberg, kuma me ya sa aka ɗora aikin kan mai hannu ɗaya?

Kanar Claus von Stauffenberg ɗan gidan sarauta ne, ɗan ɗarikar Katolika, an haife shi a 1907. Ranar 7 ga Afrilu 1943 jirgin yaƙi ya buɗe wa motarsa wuta a Tunisiya. Ya rasa idon hagu, da hannun dama, da yatsu biyu na hannun hagu. Da ya warke aka tura shi ofishin Janar Friedrich Olbricht a Berlin, wanda tuni yake cikin shirin.

Ba shi aka so ya kai bam ba. Shi ne ƙashin bayan juyin mulkin, a Berlin ake buƙatarsa. Amma duk waɗanda aka sa rai da su ko dai ba su samu isa ba ko sun ja da baya. Ranar 1 ga Yuli 1944 ya zama shugaban ma'aikatan Janar Fromm, kwamandan rundunar cikin gida, muƙamin da ke kai shi gaban Hitler ya ba da rahoto. Daga nan mutum ɗaya ya zama shi ne mai kisan a Gabashin Prusiya kuma shi ne jagoran juyin mulki a Berlin, da tazarar fiye da kilomita 500 a tsakani. Wannan shi ne babban raunin shirin, su ma sun sani.

Mene ne shirin Walküre?

Shiri ne na hukuma wanda Hitler da kansa ya amince da shi. In tarzoma ta ɓarke a cikin gida, misali miliyoyin baƙin da ake sa wa aikin tilas suka yi bore, rundunar cikin gida za ta fito ta tsare muhimman wurare. Olbricht da Tresckow da Stauffenberg suka sake rubuta umarnin a ɓoye. Sabon ya fara da cewa Hitler ya mutu, wasu 'yan jam'iyya marasa imani suna neman ƙwace mulki, don haka soja ya karɓi ragama. Ta haka dubban sojojin da ba su san komai ba za su kama shugabannin SS da gwamnonin jam'iyya suna zaton gwamnati suke karewa. Matan da suka buga takardun, irin su Margarethe von Oven, da safar hannu suka yi aikin don kada a ga zanen yatsunsu.

Dabarar tana da sharaɗi biyu: Hitler ya mutu da gaske, kuma Fromm ya sa hannu, domin shi ke da ikon tayar da shirin. Fromm ya san ana ƙulla wani abu, ya kawar da kai yana jiran ya ga inda iska za ta kaɗa. An tsara Beck ya zama shugaban ƙasa, Carl Goerdeler tsohon magajin garin Leipzig ya zama shugaban gwamnati, Wilhelm Leuschner na ƙungiyar ƙwadago mataimakinsa, Julius Leber na SPD ministan cikin gida.

Yaya Hitler ya tsira ranar 20 ga Yuli 1944 alhali bam ɗin a ƙafarsa yake?

Stauffenberg ya riga ya kai bam sau biyu, ranar 11 da ranar 15 ga Yuli, bai tayar ba, musamman don manya sun so a haɗa da Himmler. Ranar 20 ya sauka a hedkwatar Wolfsschanze kusa da Rastenburg, wadda yanzu take cikin Polan, tare da dogarinsa Werner von Haeften da ƙunshin nakiya biyu, kowanne kusan kilo ɗaya.

An matso da taron zuwa 12:30 saboda Mussolini na Italiya zai iso da rana. Stauffenberg ya nemi ɗaki ya sauya riga. Da yatsu uku da filayar da aka gyara masa ta musamman ya kunna ƙunshi na farko. Suna cikin haka wani saje ya tura ƙofa ya ce ana jiransu. Ƙunshi ɗaya ya shiga jakar, na biyu ya rage hannun Haeften, daga baya suka jefar da shi ta tagar mota. Masana sun yi ittifaƙi cewa da an jefa na biyun cikin jakar ko ba a kunna shi ba, fashewar na farko za ta tayar da shi, kuma da wuya wani ya fita da rai.

Ya ajiye jakar ƙarƙashin wani ƙaton teburin katako kusa da Hitler, ya fita da hujjar amsa waya. Jakar ta ƙare a ɗaya gefen kakkaurar ƙafar teburin, an fi zaton Brandt ne ya matsar da ita don tana tokare masa ƙafa, Brandt ɗin da ya ɗauki ƙunshin Smolensk bai sani ba. Ƙarfe 12:42 ta tashi. Hitler yana sunkuye kan taswira, katakon tebur da ƙafar teburin suka tare masa. Ɗakin ba na ƙarƙashin ƙasa ba ne, tagoginsa a buɗe saboda zafi, ƙarfin fashewar ya samu mafita. Cikin mutum 24 da ke ciki huɗu suka mutu: Brandt, da Janar Korten, da Janar Schmundt, da mai ɗaukar bayani Heinrich Berger. Hitler ya fita da fasassun dodon kunne, da ƙuna, da tsagin katako a ƙafafu, da yagaggen wando. Da yamma ya zagaya da Mussolini ɗakin.

Stauffenberg ya ga tashin hayaƙin daga nesa, ya tabbata a ransa babu wanda ya tsira. Ya wuce shingayen tsaro, na ƙarshe sai da ya buga waya aka ba da izini, jirginsa ya tashi wajen 1:15.

Ina aka yi asarar ranar a Berlin?

A sa'o'i uku na farko. Janar Erich Fellgiebel, shugaban sadarwar soja, yana cikin shirin kuma yana Wolfsschanze. Ya ga Hitler a tsaye, ya aika saƙo Berlin a dunƙule, saƙon da bai ce a ci gaba ba bai ce a fasa ba. Olbricht ya tuna ranar 15 ga wata, da suka tayar da dakaru tun kafin bam ya tashi, suka sha da ƙyar da cewa atisaye ne. Ba za a iya maimaita wannan ƙaryar ba, sai ya jira. Stauffenberg yana sama ba hanyar magana da shi. Sai wajen ƙarfe 4, da ya sauka ya ce Hitler ya mutu, aka fara aika umarni daga ginin Bendlerblock, hedkwatar rundunar cikin gida.

Daga nan kurakurai suka yi ta haɗuwa. Fromm ya buga wa Fil Mashal Keitel da ke tare da Hitler waya, ya ji Hitler na raye, ya ƙi sa hannu, suka kulle shi. An sa wa umarnin hatimin babban sirri, wanda ya tilasta a aika shi ta na'urorin sirri ƙalilan, wuri ɗaya bayan ɗaya, har wasu yankuna suka samu saƙon bayan an tashi daga ofis. Ba a katse wayar Goebbels ba. Mai karatu daga Najeriya ko Nijar ya san juyin mulkin soja ta gidan rediyo ake fara jin sa. A Berlin sojoji sun isa gidan rediyon, amma ba a turo wanda ya san yadda ake katse watsa shirye-shirye ba, wajen 6:30 aka sanar wa ƙasa Hitler na nan da ransa.

Manjo Otto Ernst Remer, kwamandan bataliyar tsaron Berlin, ya killace unguwar ma'aikatu kamar yadda aka umarce shi. Da ya je wurin Goebbels, sai Goebbels ya haɗa shi da Hitler ta waya. Ya ji muryar, Hitler ya ƙara masa girma zuwa kanar nan take, ya ce ya murƙushe masu tawaye. Dakarun da suka fito don juyin mulki su suka juya suka kewaye Bendlerblock. Da dare wasu hafsoshin ginin suka ɗauki makamai suka saki Fromm. Shi kuma, don ya rufe bakin waɗanda suka san ya sani, ya sa aka harbe Stauffenberg da Olbricht da Kanar Mertz von Quirnheim, abokin shirinsu, da Haeften a tsakar gida da hasken fitilar mota, jim kaɗan bayan sha biyun dare. Beck ya harbi kansa sau biyu bai mutu ba, wani saje ya ƙarasa shi. Fromm bai tsira ba, an harbe shi a Maris 1945.

Akwai inda juyin mulkin ya yi aiki?

A Paris. Janar Carl-Heinrich von Stülpnagel ya sa aka kama kimanin mutum 1,200 na SS da Gestapo a daren, har da shugabansu Carl Oberg, kusan ba turjiya. Wannan ya nuna umarnin yana aiki in aka samu kwamanda mai niyya. Amma Fil Mashal von Kluge, babban kwamandan yamma, da ya tabbatar Hitler na raye ya ƙi shiga, kafin gari ya waye aka sake su.

Fil Mashal Erwin Rommel, shahararren kwamandan sojan Jamus, yana ciki?

Ya yarda an riga an rasa yaƙin, masu shirin sun tuntuɓe shi, masana kuma sun saɓa kan ko ya san da maganar bam. Ranar 17 ga Yuli jirgi ya harbi motarsa a Normandi, ranar 20 yana kwance a asibiti. Sunansa ya fito a bincike. Ranar 14 ga Oktoba 1944 janar biyu suka je gidansa da zaɓi: kotu, ko guba da alkawarin ba za a taɓa iyalinsa ba. Ya sha gubar, aka yi masa jana'izar gwamnati.

Ban da sojoji fa?

Ɗaliban Jami'ar Munich na ƙungiyar Farar Fure, wato Hans da Sophie Scholl, Christoph Probst, Alexander Schmorell, Willi Graf da malaminsu Kurt Huber, sun fitar da takardu shida tsakanin 1942 da 1943. Ta biyu ta faɗi ƙarara cewa an kashe Yahudawa 300,000 a Polan. Ranar 18 ga Fabrairu 1943 mai kula da ginin jami'a ya ga 'yan gidan Scholl suna watsa takardu ya tona su, ranar 22 aka fille kawunansu tare da Probst. Sophie tana da shekara 21.

Gungun Kreisau na Helmuth James von Moltke ya zauna tsara Jamus ta bayan Hitler, Moltke kuwa bai yarda da kisan ba saboda addini da kuma tsoron kada a mayar da Hitler gwarzo. Bishop von Galen na Münster ya yi huɗuba ranar 3 ga Agusta 1941 kan kashe naƙasassu da masu taɓin hankali. Cikin makonni uku aka dakatar da shirin a hukumance, bayan an kashe kimanin 70,000, kodayake an ci gaba ta wasu hanyoyi. Akwai kuma gungun Harro Schulze-Boysen da Arvid Harnack a Berlin, da mutanen da suka ɓoye Yahudawa a gidajensu shekara da shekaru.

Birtaniya da Amurka sun taimaka musu?

A'a. Fasto Dietrich Bonhoeffer ya gana da Bishop George Bell na Ingila a Siwidin a 1942 ya ba shi sunayen jagororin, ministan waje Anthony Eden ya ƙi ba da amsa. A Janairu 1943 a Kasabalanka ƙasashen ƙawance suka ce ba abin da za su karɓa sai miƙa wuya ba sharaɗi. Suna tsoron tarko, suna tsoron ɓata wa Stalin shugaban Tarayyar Sobiyet rai, kuma wasu masu shirin suna neman a bar wa Jamus yankunan da ta ci. Sakamakon shi ne masu shirin ba su da abin da za su yi wa janar mai shakka alkawari da shi.

Shin mutanen 20 ga Yuli hannunsu tsaf yake?

Ba duka ba. Arthur Nebe yana cikinsu, kuma shi ya jagoranci rukunin kisa na B da ya hallaka dubun-dubatar Yahudawa a 1941. Helldorf, shugaban 'yan sandan Berlin, tsohon ɗan Nazi ne mai cutar Yahudawa. Da yawa sun yi murna da nasarorin farko, Stauffenberg kansa ya yi yaƙin Polan da Faransa da zuciya ɗaya. Yawancinsu ba dimokuraɗiyyar jam'iyyu suke so ba. Wasu sai da suka ga an rasa yaƙi suka farka.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce tsoron shan kaye ne kaɗai. Oster da Hans von Dohnanyi sun fitar da Yahudawa zuwa Siwizalan a 1942. Bayan saukar dakarun ƙawance a Normandi, Stauffenberg ya aika yana tambayar ko akwai sauran amfani. Amsar Tresckow, kamar yadda Schlabrendorff ya ruwaito, ita ce a yi ko ta halin ƙaƙa, ko da ba za a ci nasara ba, don duniya ta ga an samu Jamusawan da suka sa ransu. Ya kashe kansa a fagen daga ranar 21 ga Yuli.

Wane hukunci aka yi musu?

An fara korar hafsoshin daga soja don a kai su Kotun Jama'a ta Roland Freisler, mai shari'a da ihu da zagi. An tsayar da Witzleben, fil mashal guda, ba bel a wandonsa yana riƙe da shi da hannu. Ranar 8 ga Agusta aka rataye takwas na farko a kurkukun Plötzensee a ƙugiyoyin rataye nama, ana ɗaukar fim. Kimanin mutum 200 aka kashe kan wannan shirin, aka kuma kama wasu dubbai na tsofaffin 'yan siyasa a watan Agusta. An kama mata da iyaye da 'yan'uwa. An kwashe yara zuwa wani gida a Bad Sachsa aka sauya musu suna, 'ya'yan Stauffenberg aka kira su Meister. Matarsa Nina a tsare ta haihu a Janairu 1945. Canaris, tsohon shugaban Abwehr, da Oster da Bonhoeffer an rataye su a Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu 1945, ranar da aka harbe Elser. Schlabrendorff ya tsira: bam ɗin jiragen Amurka ya kashe Freisler a kotu ranar 3 ga Fabrairu 1945, ranar da ake jiran shari'arsa.

Da sun yi nasara me zai sauya?

Mafi yawan kisan Yahudawan Turai ya riga ya auku, kwashe fiye da 430,000 daga Hangare ya ƙare a farkon Yulin nan. Amma kusan rabin sojojin Jamus da suka mutu a yaƙin bayan Yuli 1944 suka mutu. Rushe Warsaw, da kwashe unguwar Yahudawa ta Łódź zuwa Auschwitz, da ƙone Dresden, da tattakin mutuwa daga sansanoni, duk a watanni taran ƙarshe suka faru. Ko sabuwar gwamnati za ta ɗore wata magana ce, domin rahotannin asirin gwamnati da wasiƙun sojoji sun nuna yawancin jama'a murna suka yi da tsirar Hitler.

Yaya Jamus take kallonsu yanzu?

Bayan yaƙi da yawa maciya amana suke ce musu, matan wasunsu sun sha wuya kafin su samu fansho. Abin ya fara juyawa a 1952, da mai gabatar da ƙara Fritz Bauer ya gurfanar da Remer a Braunschweig kan kiran su maciya amanar ƙasa, kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin wata uku. A 1955 aka mayar da sunan titin Bendlerblock titin Stauffenberg, ginin kuma yanzu yana ɗauke da cibiyar tunawa da masu turjiya. A 1968 aka sa wa tsarin mulki, a sashe na 20, 'yancin bijire wa duk mai neman rushe shi in babu wata mafita. Sai 1998 majalisa ta soke hukunce-hukuncen zalunci na kotunan Nazi, na sojojin da suka gudu daga fage kuma sai 2002. Elser ya fi kowa daɗewa a ƙarƙashin zargi, wasu na cewa ɗan koren Birtaniya ne, wasu na cewa na Nazi. Buga takardun tambayoyin da Gestapo ta yi masa a 1970 ya tabbatar shi kaɗai ya yi aikinsa, a 2011 kuma aka kafa masa abin tunawa a titin Wilhelm na Berlin.